Ƙarfin Motar Daji Shi Ke Ɓoye Ciwonta

 

Shugaban taro, iyayenmu manyan kanikawa da suka ga jiya suka ga yau a wannan sana'a, 'yan'uwana direbobi, masu motoci, da ƙannenmu masu koyon aiki da ke zaune can baya, barkanku da zuwa. An nemi in yi magana a kan gano matsala da kula da motocin shiga daji, waɗanda ke sauka daga kwalta su bi burji da yashi da taɓo da duwatsu. Irinsu suna da yawa, amma zan tsaya a kan biyun da kowa a nan ya sani: Toyota Land Cruiser samfurin 70, akori-kura da mai rufi, da kuma Hilux. Su ke kai allurar rigakafi ƙauyukan da ruwa ya yanke a fadamar Haɗeja da Nguru, su ke hawa Mambila, su ke ratsa tuddan yashin Yusufari, su ne kuma ke tashi daga Agadas su nufi Dirku da Bilma.

Hilux ta fito a 1968, Land Cruiser 70 kuma a 1984, har yau ana ƙera ta ba tare da an sauya mata siffa sosai ba. A farkon 1987 sojojin Chadi suka hau irin waɗannan akori-kura suka fatattaki tankokin Libiya a garin Fada, har duniya ta riƙa kiran faɗan da Yaƙin Toyota. Daga nan suna ya zauna cewa mota ce da ba ta mutuwa. To, ni abin da na zo in faɗa yau shi ne, wannan suna ne ya fi komai kashe ta a hannunmu. Ƙaramar mota in ƙafarta ta samu matsala, a ranar za ka sani, don ba za ta bar ka ka yi nisa ba. Land Cruiser kuwa sai ta ɗauki ciwo wata da watanni tana aiki, tana ɗaukar kaya, tana tashi bugu ɗaya, mai ita yana ta yabonta. Ranar da za ta kwanta, sai ta kwanta a inda babu bakanike, babu sabis ɗin waya, babu rijiya.

Kada mu ɗauka maganar kuɗin gyara kawai nake yi. A watan Oktoban 2013, motoci biyu suka lalace a arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya. Da aka bi sawu, gawawwaki 92 aka samu, mafi yawansu mata da ƙananan yara, 'yan'uwanmu ne daga kudancin Nijar, ƙishirwa ta kashe su. A 2017 ma mutum 44 suka rasu a tsakanin Agadas da Dirku bayan motarsu ta mutu. Allah Ya jiƙansu. Duk wanda ya riƙe sitiyari ya bar kwalta da mutane a bayansa, rayuka ne aka damƙa masa, kuma bakaniken da ya ɗaure wa motar kusoshi yana da kaso a wannan amana.

Bari in fara da ƙura, domin ita ta fi cin injuna a ƙasarmu, ita kuma aka fi rainawa. Injin da ke cikin yawancin Land Cruiser masu shan gas da muke gani shi ne 1HZ, wanda ya fito a 1990: silinda shida a jere, lita 4.2, babu tobo. Shi ne kuma a cikin Kosta da yawa. Ku yi lissafi tare da ni. Injin yana cika silindojinsa da iska sau ɗaya a kowane juyi biyu. In yana juyi 2,000 a minti, iskar da yake zuƙa ta kusa lita 4,000 a minti guda, a sa'a ɗaya kuma ta haura lita 200,000. Yanzu ku sa wannan mota a bayan wata a kan burji cikin watan Janairu, lokacin da ƙurar kwarin Bodele na Chadi ta rufe sama, ga kuma wadda tayoyin ta gaba ke tulo mata. Duk wannan iska ta jikin takarda guda take bi, wato filtar iska. Ƙwayar yashi ta fi ƙarfen silinda tauri. In ta wuce takardar nan, sai ta gauraya da baƙin mai ta riƙa cin ringi da bangon silinda a hankali, ba ƙara, ba alama. Sai wata rana ka ga mota ta fara shan baƙin mai, tana shuɗin hayaƙi, da safe sai an yi ta fama kafin ta tashi. A lokacin nan an riga an makara, sai dai a sauke inji.

Ga gwajin da nake so kowane direba ya yi gobe da safe, bai cin ko sisi. Buɗe akwatin filta, ciro ta a hankali, ka sa farin ƙyalle ko yatsanka a cikin bututun da ke bayanta, wanda ya nufi inji. Wannan ɓangare ya kamata ya kasance fes. In yatsanka ya fito da jan gari, ƙura tana wucewa, kuma dole a gano ta ina. An taɓa kawo mini wata mota ta wani aikin lafiya, jikinta sabo, malejinta bai yi nisa ba, amma tana shan baƙin mai fiye da kima. Filtarta sabuwa dal. Da na lanƙwasa tiyon robar da ke tsakanin akwatin filta da inji, sai ga tsaga a ƙasansa, cikin ninki, inda ido ba ya kaiwa, bakin tsagar ya yi jajawur da ƙura. Tsawonta bai kai ɗan yatsa ba, amma ta nan injin ya ƙare. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wani lokacin robar bakin filtar ce ta kwanta ba ta kamawa, wani lokacin makamin murfin ne ya karye aka ɗaure da waya.

Sai kuma yadda muke wanke filtar da kanmu. A buga ta a jikin taya, ko a kai wa mai faci ya hura mata iska da dukkan ƙarfin injinsa. Ido zai ga ta yi haske, alhali takardar ta huhhuje. In za a hura, daga ciki zuwa waje ake hurawa, da iska mai sauƙi, a ɗan nesa. Bayan nan a shiga duhu a sa tocila a cikinta. In ka ga haske yana tsirtowa ta ɗigo-ɗigo, jefar da ita. Filtar da ta ɗan yi datti amma ba ta huje ba ta fi wadda aka wanke aka yaga. A ƙasan akwatin akwai ɗan kofin da ke tara ƙura, a riƙa juye shi kowace safiya a lokacin hunturu. Bututun nan da ke hawa gefen gilashi, mutane da yawa suna ɗauka don ratsa ruwa kaɗai aka yi shi. Babban amfaninsa a wurinmu shi ne ɗauko iska daga sama, nesa da ƙurar taya. In kuna tafiya ayari, ku ba da tazara har ƙurar na gaba ta lafa. Filtar jabu kuwa, takardarta sakayau ce, ninkinta kaɗan. Ku ɗauki ta asali a hannu ɗaya, ta jabu a ɗaya, nauyi ma kaɗai zai gaya muku.

Daga iska sai mai. A daji ba kullum ake samun gidan mai ba, dole a sha na jarka, na duro, na 'yan bumburutu. Abu uku ke biyo irin wannan mai: ruwa, laka, da kalanzir da ake surkawa. Abin da ya kamata ku riƙe shi ne, famfon injekta ba shi da wani baƙin mai na kansa. Gas ɗin da ke ratsa shi ne ke sa masa santsi. Kalanzir ba shi da wannan santsi, ruwa kuma tsatsa yake kawowa. Shi ya sa aka sa wa filtar gas matarar ruwa a ƙasanta, da fitila a gaban direba da ke kamawa in ruwan ya taru. Na sha ganin motocin da aka cire wayar wannan fitila don wai tana damun direba. Wallahi wannan abu yana ɓata mini rai, domin an toshe bakin da ke faɗar gaskiya ne. In ta kama, tsaya. Ka sa kwalba mai haske a ƙarƙashin filtar, ka warware ɗan makunnin da ke ƙasa, ka danna famfon hannu da ke saman filtar. Ka ɗaga kwalbar sama ka duba: ruwa ya fi gas nauyi, zai kwanta a ƙasa, ka ga layi a tsakaninsu sarai. Ka ci gaba har sai tsantsar gas ke fitowa, sannan ka rufe.

In dole ta sa za ka sha daga duro, bar shi ya kwana a tsaye ba a girgiza ba, kada tiyo ya taɓa gindinsa, ka bar na ƙasan. Ka tace da ƙyalle mai tsabta wanda ba ya zubar da zare. Ka kuma riƙa kwana da tanki a cike, don tankin da ya yi zafi da rana ya yi sanyi da dare yana tara raɓa a cikinsa.

Nan ne bambancin tsohuwa da sabuwa yake. Nozul ɗin 1HZ yana buɗewa ne a matsin da bai wuce bar 150 da 'yan kai ba. Sababbin Hilux masu shan gas, waɗanda ƙwaƙwalwa ke sarrafa wa mai, matsinsu ya haura bar 1,500, ramukan nozul ɗinsu kuma da ƙyar ido ke gani. Man da 1HZ zai sha ya yi tari ya wuce, shi ne zai kashe injektocin sabuwar gaba ɗaya. Wanda ya saba da tsohuwa aka ba shi sabuwa, sai ya sake tarbiyya. Masu Hilux ta fetur, mai lita 2.7 da ta fi yawa a Nijeriya, ku ma kuna da naku: famfon manku a cikin tanki yake, fetur ɗin ne ke sanyaya shi, yawan tafiya da ɗigon mai yana ƙona shi.

Mota mai gas in ta riƙa shaƙewa, ta rasa ƙarfi a hawa, ta mutu sannu a hankali, yawanci ko filta ce ta toshe ko iska ce ta shiga layin mai. Ka danna famfon hannun nan. In ya yi laushi bai yi tauri ba, iska ce ko kuma mai bai isowa. Ka bi tiyon daga tanki kana neman inda ya jiƙe ko ya tsage, ka duba robar bakin filta, musamman in kwanan nan aka canja ta. Ka yi ta dannawa har ya yi tauri, sannan ka tayar. In 1HZ ce ta ƙi, a ɗan sassauta notin bututun ƙarfe a bakin nozul biyu ko uku, a buga kik har kumfa ya ƙare gas ya fito, a ɗaure. Amma ƙannena masu koyo, ku saurara da kyau: wannan dabara ta tsohon inji ce kaɗai. Kada wanda ya kuskura ya sassauta bututun sabon inji yana aiki. Man da ke fita da wannan matsi yana huda fata ya shiga nama, ana rasa yatsa ko hannu a kansa.

Yanzu zan taɓa inda na san za a yi mini gardama, wato zafi. Iyayena kanikawa, ku yi mini haƙuri, amma al'adar nan ta cire tamostat da zarar mota ta shigo hannunmu, da cewa wai na ƙasar sanyi ne, kuskure ne da ya daɗe yana ci mana injuna. Motar nan don ƙasashen zafi aka yi ta, da tamostat ɗinta ake sayar da ita a Saudiyya da Sudan da Ostireliya. Aikinsa shi ne ya riƙe inji a zafin da aka ƙera shi ya yi aiki, wajen digiri 80. Injin da ke yawo da sanyi yana cin kansa, yana shan mai, yana tara baƙin toka. Bayan haka, a injuna da yawa tamostat yana da faifai a gindinsa wanda ke toshe wata gajeriyar hanyar ruwa idan ya buɗe. In ka cire shi, hanyar nan ta zauna a buɗe, wani kaso na ruwan ya riƙa kewaya inji ba tare da ya je lagireto ba. Ka ga an cire shi don maganin zafi, an ƙaro zafi. In ana zarginsa, a jefa shi cikin ruwan da ke kan wuta a gani ko yana buɗewa kafin ruwan ya tafasa. In bai buɗe ba, a sayo wani.

Mota in tana zafi, akwai dalili, kuma yawanci a waje yake. Ka tsaya a gabanta ka leƙa ta cikin lagireto: kana hango haske ta tsakanin haƙoransa? Bayan kaka, ƙaiƙayi da 'ya'yan ciyawa da ƙwari suna cushe tsakanin lagireto da na'urar sanyaya ɗaki da ke gabansa, inda ba a gani sai an leƙa da tocila. Bayan damina kuma busasshen taɓo ne. Sai fanka. Tsakiyarta akwai wani mai mai kauri da ke kama ta idan zafi ya tashi. In inji ya yi zafi a yashi, ya kamata ka ji fankar tana ruri. In ba ka ji ba, ka kashe motar ka juya fankar da hannu. In ta yi ta juyawa sakaka ba ta riƙe ba, ta mutu, ko da kuwa ido na ganin tana juyi. Sai murfin lagireto, ɗan abin da ba a ɗauke shi bakin komai ba. Matsin da yake riƙewa, wajen bar 0.9, shi ke hana ruwa tafasa sai ya kusa digiri 120. In robarsa ta tsufa, ruwa zai tafasa da wuri ya riƙa zubewa kaɗan-kaɗan. Ruwan rijiya da na burtsatse kuma suna barin farin dutse a cikin bututan lagireto, suna cin ƙarfe da tsatsa. A sa ruwan lagireto na gaske, a bar na rijiya sai ranar larura.

Akwai wani tarko da nake so ku sani. Allurar zafi zafin ruwa take aunawa. In tiyo ya fashe ruwan ya zube gaba ɗaya, allurar tana iya ɗan hawa ta dawo ƙasa, direba ya ce alhamdu lillahi ta huce, alhali kan injin yana ƙonewa. Don haka hanci da kunne su yi aiki: warin ruwan zafi, ƙarfi ya ragu, ƙarar inji ta sauya. Kuma kada a buɗe murfi da zafi, kada a kwarara ruwan sanyi a injin da ya tafasa, kan silinda zai tsage.

Idan mota ta tsaya, kafin a ɗauko sifana a fara da tambaya. Yaya ta mutu? Farat ɗaya, tamkar an kashe makulli, ko da shaƙewa? Me aka yi mata na ƙarshe? A ina aka sha mai? Wadda ta mutu farat ɗaya, wuta ake fara zargi. A jikin famfon 1HZ akwai wata waya da ke buɗe wa mai hanya. A murɗa makulli a kasa kunne, za a ji ɗan ƙas. In ba a ji ba, a duba fiyus da wayar, don gargada tana kwance ta. Wadda kik ɗinta ke ƙas-ƙas ba ya juyawa, a fara da kan batir da wayar da ta kama jikin mota, a kankare su a ɗaure, kafin a ce kik ya mutu. Batir mai lafiya yana nuna bolt 12.6 a kashe, in inji na aiki kuma tsakanin 13.8 da 14.4. Hayaƙi ma shaida ne: baƙi, mai ya fi iska yawa, a duba filtar iska da nozul; shuɗi, baƙin mai ne ke ƙonewa; fari da safe wanda ke wucewa, yawanci hita ce ta mutu; fari mai ɗorewa tare da raguwar ruwa, gasket ne. A taɓa abu ɗaya, a gwada, sannan a taɓa na biyu. Bakaniken da ya canja abu huɗu a lokaci guda, ko motar ta tashi bai san me ya gyara ba, mai mota kuma ya biya kuɗin uku a banza.

Mu sauka ƙasan mota. Waɗannan motoci, in an sa giyar taimako, aksul na gaba da na baya a ɗaure suke, dole su yi juyi ɗaya. A yashi ko taɓo taya tana ɗan zamewa ta sauke bambancin. A kan kwalta babu zamewa, sai ƙarfen ya riƙa murɗuwa, sitiyari ya yi nauyi, giyar ta ƙi fita, ƙarshe wani abu ya karye. Da an hau ƙasa mai tauri a cire ta. Akasin haka ma matsala ce: motar da ta shekara a gari ba a taɓa kulle makullan ƙafafunta na gaba ba. Littafin motar ya ce a kulle su a yi tafiyar kilomita 16 kowane wata, don mai ya zagaya. In ba a yi ba, ranar da aka shiga taɓo a ranar za a tarar sun ƙi kamawa. Kuma a kulle su tun kafin a shiga wurin, ba sai an kafe ba.

Ratsa ruwa yana da nasa sharri wanda ba ya bayyana a ranar. Zurfin da kamfani ya yarda wa Land Cruiser 70 shi ne santimita 70, kuma a fara shiga da ƙafa a auna. Aksul ɗin da ya yi zafi da tafiya, in ya faɗa ruwan sanyi, iskar cikinsa tana tsukewa, sai ya zuƙo ruwa ta ɗan bututun numfashinsa ko ta bakin sil. Bayan kowace ratsawa mai zurfi, a buɗe makunnin man aksul a duba. In man ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya shiga, a juye shi a ranar, a sa wa farfela sabon giris har tsohon ya fito. Mai dabara yakan ja wa bututun numfashin nan tiyo zuwa sama cikin bonet, kuɗinsa kaɗan ne. In kuwa inji ya mutu a tsakiyar ruwa, kada a taɓa makulli. Ruwa ba ya matsuwa, bugu ɗaya zai lanƙwasa sandar fistin. A jawo ta waje, a ciro hitoci, a juya inji ruwan ya fita, a canja baƙin mai da filta.

Ku riƙa duban dunƙulen ƙarfen nan mai santsi da ke bayan kowace ƙafar gaba ta Land Cruiser. Ɗan maiƙo a jikinsa ba laifi. Amma in baƙin ruwan giris yana ɗiga har kan taya, sil na ciki ya mutu, man aksul ya gauraya da giris, kuma boris yana kan hanya. A ɗaga ƙafar da jak, a kama taya sama da ƙasa a girgiza. In akwai wasa, kada motar ta fita. Bayan doguwar gargada a bi notocin taya da na ƙarfen da ya ɗaure sifirin da aksul. Lodi kuma, akori-kurar nan abin da aka yi ta ta ɗauka bai wuce tan ɗaya da ɗan ɗoriya ba. Na san abin da ake ɗora mata a hanyar haƙar zinariya ta Jado. Tana ɗauka, amma shasi da boris da birki ne ke biya.

A yashi, taya ce rabin aiki. A rage iska zuwa wajen 16 ko 18 a geji, tafin tayar ya yi tsawo ta hau kan yashi. Amma da an fito a mayar da iskar, domin taya mai ƙarancin iska a kan gudu zafi take yi ta fashe. Saboda haka wanda ba shi da famfo da geji bai shirya shiga yashi ba. Mota in ta fara nutsewa, a ɗaga ƙafa daga totur. Ƙara wuta haƙa rami ne da ƙona kuloci. A sauka, a tone gaban tayoyi, a koma da baya a kan sawu. In za a ja ta, a ɗaura igiya a ƙugiyar da ke jikin shasi, kada a ɗaura a ƙwallon jan tirela, yana tsinkewa ya tashi da ƙarfin da ke kashe mutum, kowa kuma ya matsa nesa. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Ku karanta kafin ku saya. Masu hawa Gembu kuma, tudun Mambila ya kai mita 1,600, iska ta yi ƙaranci, injin da ba shi da tobo zai rasa ƙarfi ya yi ɗan baƙin hayaƙi. Lafiyarsa ƙalau, kada a taɓa famfo. Gangarowa ce abin tsoro: a sauko da giyar da aka hau da ita, inji ya riƙe motar. Man birki yana shan danshi, in ya tsufa yana tafasa a doguwar gangara feda ta tafi ƙasa. A canja shi duk shekara biyu.

Saura abu ɗaya wanda ba ya ba da alama ko kaɗan, shi ne tayimin bel na 1HZ. Ba ya ƙara, ba ya hayaƙi, ranar da ya tsinke fistin zai daki bawul. Littafin tsofaffin ya ce a canja a kilomita 100,000, na wasu na baya ya ce 150,000. A ƙurarmu da zafinmu ni na farkon nake bi, a kuma canja shi tare da abin da ke ɗame shi. Motar da aka sayo ta hannu ba a san tarihinta ba, a canja kawai, kada a dogara da fitilar gaban direba, don ana kashe ta ba a canja komai ba. Juyen baƙin mai a irin aikinmu kilomita 5,000 ne, da sabuwar filta.

Wannan ya kawo ni ga masu motoci da shugabannin ma'aikatu. Ranku ya daɗe, direba ba zai iya yin ko ɗaya daga abin da na lissafa ba in duk sanda ya kawo ƙorafi za a ce yana neman na cefane ne. Ku ba shi ikon ya ce yau motar nan ba za ta fita ba. Ku saya masa filtar gas da fanbel da tiyo da fiyus na ajiya, da shebur, da famfo, da taya biyu na safaya ga mai shiga Sahara, da ruwan sha da ya wuce na kwanakin tafiyar. Ku kuma ajiye littafi ɗaya a cikin kowace mota, ko na 'yan makaranta ne. A rubuta kwanan wata da maleji duk sanda aka yi juye, aka canja filta ko bel, aka ratsa ruwa, aka sha man jarka da inda aka sha shi. A rubuta yawan baƙin man da aka ƙara tsakanin juye da juye, domin in wannan adadi ya fara hawa, za a gan shi a takarda watanni kafin a gan shi a salansa. In an sauya direba, littafin ya zauna a motar.

Nan zan dakata, ranka ya daɗe shugaba, a ba masu tambaya dama, musamman a kan maganar tamostat, don na ga wasu iyayenmu suna girgiza kai.